Sauya Ƙwaƙwalwar Kwamfuta Don Buga Gem: Shin Kwalliya Na Biyan Kuɗin Sabulu?

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin kwanan ɗalibai bayan an tashi daga lacca, ya san irin musun da ake tafkawa a kan kwamfuta. Wannan ya ce tasa Core i7 ce, wancan ya ce tasa i5 ce amma sabuwar fita, na uku kuwa ya ja bakinsa ya yi gum saboda tasa Celeron ce. Da zarar wani ya yi kukan cewa gem ɗinsa na ƙwallo yana sarƙewa, shawara ɗaya za ka ji an ba shi: "Kai dai canja furosesa ka huta." Ni ma an taɓa ba ni wannan shawara, na kuma bi ta da kuɗin gumina. Abin da na gani bayan nan shi ya sa na ɗauki alƙalami domin in yi wa 'yan uwana ɗalibai tsokaci.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, ga mafi yawanmu, musamman mu da muke zaune a Kafanchan da sauran garuruwan kudancin Jihar Kaduna, sauya furosesa shi ne abu na ƙarshe da ya kamata mai kwamfuta ya kashe wa kuɗi. Akwai lokacin da sauyin yake da riba, kuma zan kawo shi, to amma a gane cewa wannan lokaci bai cika zuwa ba. Ina roƙon mai karatu ya biyo ni sannu a hankali ya ji dalilaina, sa'annan ya yanke nasa hukuncin.

Yadda Na Sayi Darasi Da Tsada

A shekarar 2022 malaman jami'o'i sun yi yajin aiki na wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Na tattara komatsaina na koma gida Kafanchan. Don gudun zaman kashe wando sai na shiga koyar da yara darasin yamma, ina kuma ɗan taɓa buga takardu a wani shago. A ɗakinmu akwai wata kwamfutar tebur irin ta ofis da ake shigowa da ita gwanjo, wadda ni da ƙanena muke amfani da ita. Furosesan da ke cikinta Core i5-3470 ne, RAM ɗinta gigabait 4, ga wani ƙaramin katin hoto mai araha da muka liƙa mata. Da rana in yi rubutu da ita, da dare idan akwai wuta mu buga PES 2021 ko GTA V.

Matsalar ita ce, da wasa ya ɗauki zafi sai hoto ya riƙa tsayawa yana ci gaba kamar mai ɗingishi. Abokai suka yi mini ca, kowa na cewa laifin i5 ne. Na tara ladan darasi na wata uku cur, na nufi wajen wani mai gyara na ce masa, "Oga, i7 nake so ka sa mini." Ya dube ni ya ce, "Ɗalibi, ka tabbata nan ne ciwon yake?" Na ce na tabbata. Bai ƙara cewa komai ba, ya nemo mini Core i7-3770 na hannu ya ɗora. Da na nuna wa mahaifiyata tsohon da aka cire, sai ta juya shi a tafin hannunta ta ce, "Yanzu wannan abin da bai kai biskit ba ne ya cinye maka kuɗin wata uku?"

Da dare muka kunna wasa. Ba a yi minti goma ba ƙanena ya waiwayo ya ce, "Yaya, ai ɗingishin yana nan." Gaskiya ya faɗa. Sai daga baya na zauna na duba abin da na saya. Duka furosesan biyu na shekarar 2012 ne, kowane yana da ƙwaya huɗu. Iyakar gudun tsohon gigahaz 3.6, na sabon 3.9, wato ƙarin wajen kashi 8 cikin ɗari kacal. Sabon yana iya riƙe layin aiki takwas a lokaci guda maimakon huɗu, amma wasannin da muke bugawa ba nan suke da ƙishirwa ba. Ashe na bar jaki ne ina ta dukan taiki.

Sunan Da Ya Yaudare Mu

A matsayina na ɗalibin harshe, na daɗe ina zargin cewa sunan da muka raɗa wa wannan na'ura yana da hannu a cikin ruɗinmu. Mun kira furosesa "ƙwaƙwalwar kwamfuta". Bahaushe kuwa ya san cewa idan ƙwaƙwalwa ta yi kyau, mutum ya yi kyau. Don haka da kwamfuta ta yi nauyi, hankalinmu ba ya zuwa ko'ina sai kan ƙwaƙwalwar.

Da ni za a tambaya, da na kira shi akawu. A ɗauka kwamfuta ofis ce. Furosesa shi ne akawun da ke lissafi yana ba da umarni. RAM shi ne teburin da yake shimfiɗa takardun da yake aiki da su a yanzu. Faifan ajiya shi ne ɗakin da ake jibge fayil-fayil. Katin hoto kuma shi ne mai zanen da ke zana duk abin da ido ke gani a allo. A wasan ƙwallo, akawu ne ke lissafa inda ƙwallo za ta faɗa da yadda 'yan wasa 22 za su motsa, sa'annan ya miƙa wa mai zane ya zana fili da ciyawa da inuwa da 'yan kallo. Idan ana son wasa ya tafi sumul, sai an zana hoto 60 a cikin daƙiƙa ɗaya, wato kowane hoto yana da ƙasa da kashi 17 cikin dubu na daƙiƙa kafin a nemi na gaba.

To a nan, idan mai zane ne ke da nawa, ko ka ɗauko akawun da ya fi kowa iya lissafi a duniya, zama zai yi yana jiran mai zane. Idan teburin ne ƙarami, akawu zai yi ta zarya zuwa ɗakin ajiya. Idan kuma ƙofar ɗakin ajiyar ce ke da tauri, kowace zarya sai ta ci lokaci. Tsohon faifan ajiya mai juyawa yakan karanta abin da bai fi megabait 100 zuwa 150 ba a daƙiƙa, alhali SSD na talakawa ma yana kaiwa wajen 500, ga shi ba ya ɓata lokaci wajen lalubo inda fayil yake. A yawancin wasannin da matasanmu ke bugawa, nauyi mafi girma a wuyan mai zane yake. Wannan ne ya sa ofis ba ya gyaruwa don kawai an canja akawu.

Ina Gizo Ke Saƙar?

Abin takaici shi ne, gano inda matsala take ba ya cin ko sisi, amma ban yi ba sai da na riga na yi asara. Duk mai Windows 10 ko 11 yana iya danna Ctrl da Shift da Esc a tare, Task Manager ya buɗe. A nan zai ga kaso nawa cikin ɗari kowane sashe yake aiki: furosesa, RAM, faifan ajiya da katin hoto. Sai ya kunna wasansa ya buga na minti goma, ya dawo ya duba wanda ya cika ya tumbatsa. Ana kuma iya raba hoton furosesan ƙwaya-ƙwaya, domin wani lokaci ƙwaya ɗaya ce ke cika alhali sauran suna hutawa.

Akwai gwaji na biyu da ya fi wannan sauƙi. Ka shiga saitin wasan ka rage girman hoto, alal misali daga 1080 zuwa 720. Idan wasa ya saki ya fara gudu, to katin hoto ne ya gaza, furosesa ba shi da laifi. Idan kuwa babu abin da ya sauya, a nan ne za a fara zargin furosesa ko RAM.

Da na yi wannan awo a kan tamu, sai na ga RAM a cike, faifan ajiya a kan kashi ɗari, katin hoto a kan kashi ɗari, shi kuwa sabon i7 ɗina ko rabin ƙarfinsa ba a taɓa ba. Na koma wajen mai gyaran nan da kunya. Ya ƙara mini RAM ya zama gigabait 8, ya busa ƙurar da ta toshe fankar katin hoton, bayan wata guda kuma na sa ƙaramin SSD. Na rage girman hoto zuwa 720. Ɗingishi ya tafi. Kuɗin waɗannan duka bai kai abin da na zuba a kan furosesan ba, kuma ba ni da wata shakka cewa da tsohon i5 ne a ciki, sakamakon ɗaya zai zama.

Kan Jirgi Da Layin Dogo

Mu 'yan Kafanchan jirgin ƙasa ne ya kafa garinmu a taswira. A 1927 ne layin dogon da ya taso daga Fatakwal ya haɗe da na Kaduna, Kafanchan ta zama mahaɗa, daga nan kuma wani reshe ya nufi Jos. Faɗin wannan tsohon layi milimita 1,067 ne. Layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 kuwa faɗinsa milimita 1,435 ne. Komai ƙarfin kan jirgin da ke bin sabon layi, ba zai hau layin Kafanchan ba, domin ƙafafunsa ba za su zauna ba.

Haka lamarin furosesa yake. Kowane furosesa yana da gurbin da yake zama a jikin uwar allo, wadda masu gyara ke kira madabod, kuma kamfanoni suna canja wannan gurbi a kai a kai. Kamfanin Intel ya yi gurbin LGA1155 don zubi na biyu da na uku, LGA1150 don na huɗu, LGA1700 don na 12 zuwa na 14, a 2024 kuma ya fito da LGA1851. Ma'ana, mai kwamfutar 2012 ba zai iya ɗora furosesan 2022 ba. Iyakarsa ya sayi babban yayan wanda yake da shi, sa'ansa a shekaru, kamar yadda na yi. Idan ya dage sai sabon zubi, to dole ya sayi sabuwar uwar allo, sau da yawa da sabon RAM, wani lokaci har da sabon akwatin wuta. A nan magana ta tashi daga sauya furosesa ta koma sayen sabuwar kwamfuta.

Ga misali da zai ƙara fito da abin fili. A 2023 wasan FIFA ya koma EA Sports FC. Mafi ƙarancin abin da kamfanin ya nema don FC 24 shi ne furosesa Core i5-6600K, RAM gigabait 8 da katin hoto GTX 1050 Ti. Ka ga i7 ɗin da na sha wahala a kansa ya girmi mafi ƙarancin da aka nema da shekara uku. Haka zalika, Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 na gama-gari a ranar 14 ga Oktoba 2025, shi kuma Windows 11 a hukumance yana neman Intel zubi na takwas ko Ryzen 2000 zuwa sama. Duk wanda ya zuba kuɗi a tsohon gurbi, bai matsa ko taku ɗaya ba zuwa ga waɗannan.

Masu laftof kuwa, waɗanda su ne mafi yawan ɗalibai, tasu ta fi sauƙin yankewa. Tun daga zubi na biyar na Intel, wajen 2015, furosesan laftof a narke yake a jikin uwar allo, ba a cire shi da hannu. Duk wanda ya ce zai mayar maka da laftof ɗin i3 ta zama i7, to ko dai uwar allon gaba ɗaya zai canja, ko kuma takardar da ke liƙe a jikinta kawai zai canja.

Zafi, Ƙura Da Wutar Lantarki

Yawancin shawarwarin da muke gani a YouTube daga mutanen Amurka da Turai suke fitowa, masu ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta ƙiftawa. Halinmu daban ne, kuma ba yau aka gano haka ba. A unguwar Bayan Loko da ke Kafanchan, wadda sunanta ma daga rumfar kawunan jirgin ƙasa ya samo asali, akwai Gidauniyar Fantsuam da aka kafa a 1996. Ta yi suna wajen koyar da mutanen karkara kwamfuta, har cibiyar koyonta ta Bayan Loko ta ci kyautar Hafkin ta Afirka a 2001. Da kwamfutocin gwanjo da ake turowa daga waje suka yi aiki, kuma abokan gaba uku suka yi ta fama da su: zafi, ƙura da rashin tsayayyiyar wuta. Wannan ya sa suka haɗa gwiwa da kamfanin ExpLAN na Ingila a kan aikin wata kwamfuta mai suna Solo, wadda aka tsara ta ci wutar da ba ta kai wat 10 ba, ta yi aiki da hasken rana. Abin lura a nan shi ne, mutanen da suka fi kowa sanin kwamfuta a garin nan, da suka tashi neman mafita, wajen rage cin wuta da jure ƙura suka nufa.

Dalilin a fili yake. Furosesa yana da dabarar kare kansa: da zafinsa ya doshi digiri 95 zuwa 100, sai ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone. A lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙura na shiga ta toshe fanka da haƙoran ƙarfen da ke fitar da zafi. Kafin a ankara bazara ta shigo a Maris da Afrilu. Kwamfutar da fankarta ta toshe, man sanyayarta ya bushe, ko i9 aka sa mata tafiyar hawainiya za ta yi. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Burushi da abin busa iska da ɗan man sanyaya sukan dawo wa kwamfuta da ƙarfin da mai ita ya ɗauka sai da sabon furosesa zai samu.

Sai batun wuta. Core i5-12400 yana cin wat 65 a aikin yau da kullum, ya kai 117 idan ya ƙure. Core i9-14900K kuwa yana kaiwa wat 253, shi kaɗai, ban da katin hoto da allo. Mai dogaro da ƙaramin janareta ko ɗan batirin sola ya san ma'anar wannan bambanci. Tun da aka sanar da janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200, har ta haura naira 1,000 a wurare da dama a ƙarshen 2024. Bugu da ƙari, wutar da ke zuwa da ƙarfi bayan an ɗauke, da tsawar damina, suna iya ƙona uwar allo da duk abin da ke kanta. Wanda ba shi da sitabilaiza ko UPS, amma ya sayi furosesa mai tsada, ya gina bene ne a kan yashi.

Lissafin Aljihu

Babu furosesan da ake ƙerawa a Nijeriya, duka da dala ake shigo da su. A farkon Yuni 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, zuwa Fabrairu 2024 ta haura naira 1,500. Mu ɗauki Ryzen 7 9800X3D, wanda ya fito a Nuwamba 2024 a kan dala 479, masu buga gem suka yi ta yabonsa. Ko a kan naira 1,500 aka lissafa, kuɗinsa ya kama naira 718,500, ban da kuɗin dako da ribar ɗan kasuwa. Mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a Yuli 2024 naira 70,000 ne, wato furosesan nan ya cinye albashin wata goma. Ɗalibin da ke karɓar naira 20,000 a wata na rancen NELFUND kuwa, sai ya tara na kusan shekara uku bai ci ko ƙosai ba. Sa'annan wannan furosesa gurbin AM5 yake hawa, wanda ba ya karɓar RAM sai DDR5, shi kuma farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi a kasuwar duniya a ƙarshen 2025, saboda manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira sun yi ta kwashewa.

Wani zai ce ai na hannu za a saya. Haka ne, amma na hannu ba shi da garanti, kuma da ido ba a gane furosesan da ya sha wuta. Ƙari a kan haka, ɗan karkacewar hannu wajen ɗorawa na iya lanƙwasa siraran alluran da ke cikin gurbi, uwar allo ta tashi aiki. A yankinmu da iyalai da yawa suka dogara da noman citta, kuma cutar da ta afka wa citta a daminar 2023 ta karya jarin manoma a Kachia da Jaba da Kagarko da maƙwabtansu, kuɗin da ɗalibi ke riƙewa ba daga sama yake faɗowa ba. Ya kamata a san inda za a jefa shi.

Inda Sauyin Yake Da Riba

Adalci ya sa in faɗi cewa masu goyon bayan sauya furosesa suna da hujja a wasu wurare. Na farko, mai kwamfutar tebur da ke ɗauke da Celeron ko Pentium mai ƙwaya biyu, idan ya samu i5 mai ƙwaya huɗu na gurbi ɗaya a farashi mai sauƙi, zai ga bambanci na zahiri, domin wasannin zamani da yawa ba sa tafiya da ƙwaya biyu.

Na biyu, masu gurbin AM4 na kamfanin AMD. Wannan gurbi ya fito a 2016, kuma kamfanin ya ci gaba da yi masa sabbin furosesa shekara da shekaru. Mutumin da ya sayi Ryzen 5 1600 a 2017 yana iya ɗora Ryzen 5 5600 na 2022 a kan allo ɗaya da RAM ɗaya, muddin kamfanin da ya ƙera allon ya fitar da sabon BIOS. Wannan tsalle ne na shekara biyar da kuɗin abu guda, kuma babu shakka kwalliya tana biyan kuɗin sabulu. Sai dai a kiyaye, idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar sabunta BIOS, allon na iya mutuwa. Kada a yi shi sai a kan UPS ko inbata.

Na uku, wanda kwamfutar ce gonarsa, kamar mai tace bidiyon biki ko mai haɗa kiɗa a situdiyo. Irin wannan aiki yana cin ƙwayoyin furosesa duka, kuma duk awa ɗaya da aka rage kuɗi ne. Shi lissafinsa na jari da riba ne. A duk waɗannan hali uku, sharaɗin bai canja ba: a fara aunawa a tabbatar furosesan ne ya cika, a tabbatar gurbi zai karɓa, a kuma tabbatar akwai wutar da za ta riƙe shi.

Ɗalibin Harshe Da Kwamfutarsa

Ba na cikin masu ganin buga gem ɓata lokaci ne. Wanda ya wuni yana fama da ginin jimla da tsarin sauti yana da haƙƙin ya huta. To amma kwamfutar ɗalibi ita ce kuma ɗakin karatunsa. Manhajojin da muke buƙata ba su da haɗama. Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink suka ƙirƙira a Jami'ar Amsterdam don nazarin sauti, tana tafiya lafiya lau a kan tsohuwar kwamfuta. Haka ELAN ta Cibiyar Max Planck da ke Nijmegen, wadda ake rubuta maganar da aka naɗa da ita, da Keyman mai sauƙaƙa buga ɓ da ɗ da ƙ. Dukansu kyauta ne.

Kudancin Kaduna taska ce ta harsuna: Tyap, Jju, Hyam, Gworok, Ninzo, Fantswam da sauransu, ga kuma irin Hausar da ake yi a kasuwar Kafanchan, wadda ita kanta ta isa a rubuta kundin digiri a kanta. Harshen Tyap ma ya samu nasa shafin Wikipedia a 2022. Ɗalibin da ke son yin bincike a wannan fage, abin da zai fi yi masa amfani shi ne na'urar naɗar murya mai kyau, batirin laftof mai riƙe caji, da faifan ajiya na waje da zai adana kwafin aikinsa. Da ladan darasin nan na wata uku na saya waɗannan, da yanzu ina da muryoyin tsofaffin unguwarmu a ajiye, waɗanda wasunsu sun riga sun kwanta dama. Wannan ita ce asarar da ta fi yi mini ciwo, fiye da kuɗin.

Kammalawa

Shawarata ga ɗan uwa ɗalibi da gem ɗinsa ke sarƙewa ita ce ya bi abin daki-daki. Ya fara da aunawa, tunda kyauta ne. Ya share ƙura ya sabunta man sanyaya. Ya samar wa kwamfutar kariya daga wuta. Ya sa SSD idan babu, ya kai RAM gigabait 8 ko 16 gwargwadon hali. Idan ta tebur ce kuma gem ne damuwarsa, ya dubi katin hoto. Sai bayan duk waɗannan, idan awo ya nuna furosesa ne ya gaza kuma gurbi zai karɓi wanda ya fi shi nesa ba kusa ba, sa'annan ya buɗe aljihu. Idan gurbin ya tsufa, gara ya haƙura ya ci gaba da tari har ya sayi wata kwamfutar, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Tsohon i5 ɗin nan yana nan a cikin akwatina, na naɗe shi a takarda. Duk lokacin da wani aboki ya zo mini da zancen zai canja furosesa, nakan ɗauko in nuna masa, in maimaita masa tambayar da mai gyara ya yi mini na ƙi saurara: ka tabbata nan ne ciwon yake? Ina fata masu ra'ayi saɓanin nawa za su mayar da martani a fitowa ta gaba, musamman a kan sunan da ya fi dacewa mu kira wannan na'ura da shi a Hausa, ƙwaƙwalwa ko akawu.